Na Bar Biro, Na Koma Garka

Sa'ad da ake binne mahaifina, ni ina bayan wata bishiyar bedi a gefen maƙabarta, da waya a kunne, ina karanta wa wani mutum lambobi. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai matata, yanzu kuwa ga shi ina faɗa maka, ya mai karatu. A watan Afrilu na shekarar 2018 ne. Na baro Yamai da dare, na bi ta Doso da Dogonduci da Birnin Ƙonni, tafiyar kusan kilomita 500, na iso ƙauyenmu kusa da Galmi gari na wayewa. Fasto yana cikin addu'a a bakin kabari sai wayar ta motsa a aljihuna. Na duba, na ga shugabana ne. Na ce a raina, minti ɗaya ne, bari in sallame shi. Kafin in dawo an riga an saukar da gawa, samari sun fara tura ƙasa.

Kada ka ɗauka shugaban nan mugu ne. Sai da ya yi mini ta'aziyya tukuna ya tambayi abin da yake nema, shi ma kuwa akwai waɗanda suke matsa masa daga wata ƙasa. Laifin da na gani nawa ne, gama ba wanda ya riƙe hannuna ya sa na amsa.

Shekara 14 na yi ina lissafin kuɗi a wani babban kamfani mai shigo da kaya, wato kwantabul a bakin mutanen Yamai. Wanda ya yi irin wannan aiki a Nijar ko Kamaru ko Cadi ya san dokar OHADA, wadda ƙasashen Afirka 17 suke bi: dole a kammala lissafin shekara cikin wata huɗu bayan rufe ta, wato kafin ƙarshen Afrilu. A farkon 2018 kuma aka fara aiki da sabon tsarin lissafi, sai da muka sake jera kome. Afrilu kuwa shi ne watan da zafi yake haura digiri 40 a Yamai, wuta tana ɗaukewa, inji yana ruri a bayan biro har tsakar dare. Amma ba Afrilu kaɗai ba ne. Kowane wata yana da ƙarshensa, kowane ƙarshen wata yana da rufe littafi, ka rufe na yau kuwa na gobe ya riga ya buɗe. Aiki ne wanda ba shi da kaka. Ba ranar da mutum zai tsaya ya dubi abin da ya yi ya ce, to, ga shi nan.

Jikina ne ya fara magana kafin bakina. Barci ya gudu. Nakan farka ƙarfe uku na dare zuciyata tana bugawa, ina tuna wani rasit. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya rubuta magani, ya ce in huta. Na yi dariya, na koma biro da takardar a aljihu. A gida na zama mutum mai tsawa, yara suna jin ƙarar motata sai su rage murya. Ran Lahadi, in na sami zuwa sujada, ko dai in yi gyangyaɗi ko kuwa in tarar ina lissafi a bayan takardar sanarwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na daina jin kome. Aka ƙara mini albashi, ban yi murna ba. Aka ba ni sunayen ma'aikata shida in lissafta kuɗin sallamarsu, a cikinsu har da direban da ya kai matata asibiti ranar haihuwa, na lissafta daidai, na tafi cin abincin rana.

Bayan jana'izar na yi kwana uku a gida. Lokacin cirar albasa ne, mahaifina ya rasu ya bar tasa a ƙasa. Ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya ce, “Ɗana, albasa ba ta san makoki ba, zo mu je.” Na bi shi da takalmin biro. Muka yini muna cira, muna jerawa, muna rufe ta da lawashinta don kada rana ta ƙona ta. Da yamma bayana kamar zai tsinke. A daren nan na yi barci irin wanda na manta akwai shi a duniya.

Ba daga nan na ajiye aiki ba, kuma ina so a ji wannan da kyau, domin na san akwai matasa da za su karanta. Mutum 11 ne suke ci daga albashina. Akwai Inna, akwai ƙannena biyu a Jami'ar Abdou Moumouni, akwai 'ya'yana uku, akwai marayun yayata. Wanda ya bar aikin albashi a ƙasarmu ba shi kaɗai ya bari ba. Da na fara furta maganar, matata ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba, sa'an nan ta ce, “Baban yara, in gudu kake yi, ba zan bi ka ba. In kuwa tafiya ce, kawo takarda mu lissafta.” Muka lissafta. Muka yanke cewa sai na tara abin da zai riƙe gida shekara biyu, sai babban ƙanena ya gama karatu, sai ita kuma an yarda da sauya mata makarantar da take koyarwa zuwa jihar Tawa. Wata 14 wannan ya ɗauka. Muka sayar da mota. Albashinta na malanta shi ne ya riƙe mu a shekarun farko, ba jaruntakata ba.

Maganar Inna ce ta fi zafi. Ta ce, “Ubanka ya sunkuya shekara arba'in a garka domin kai ka zauna a kujera. Yanzu ka ce za ka dawo ka sunkuya? Me zan ce wa mata a zumunta?” Ba ni da amsa a ranar. Mutanen gari kuwa suka yanke hukunci tun kafin in sauke kaya: ko an kore shi, ko ya ci kuɗi. Har wa yau akwai masu kirana Mushe, da ɗan murmushi a gefen baki.

Na ajiye aiki a watan Yuni na 2019, a watan Oktoba na zuba iri. Albasar Galmi, mai launin shunayya da yaji a hanci, sunanta ya kai Akara da Abijan da Kwatano, Nijar kuwa tana noma albasa fiye da tan miliyan 1 a shekara. Na girma a cikinta, na ɗauka na san ta. Ashe sanin yaro mai kai abinci garka ne. Iri yakan yi kamar kwana 45 kafin a dasa shi a komaye, daga nan sai ban ruwa da cire ciyawa da yaƙi da ƙwari har wata uku ko huɗu. In ganye ya fara kwanciya sai a yanke mata ruwa, a bar ta ta bushe a ƙasa kafin a cire. A wannan wuri na yi kuskurena na fari. Na zo da halin biro, na neman lamba mai girma. Na zuba takin zamani fiye da kima, na ci gaba da ban ruwa har kusa da cira. Baba Ƙarami ya ce, “Ɗana, ruwa kake ajiyewa, ba albasa ba.” Ban ji ba. Albasata ta fito manya manya, kowa ya zo kallo. Na zuba ta a rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa bisa itace don iska ta ratsa, ina jiran watannin da kuɗinta yake tashi. Kafin watan Agusta warin rudun nan ya kai gidan maƙwabta. Fiye da rabi muka zubar.

Na zauna a bakin rudun na yi kuka, abin da ban yi ba a jana'izar mahaifina. Wani zai ce wannan ai baƙin ciki ne, ina farin cikin da ka je nema? Ni dai na san a ranar ne na gane zuciyata ta dawo wurinta. Hasarar tawa ce, na san dalilinta, na kuma san abin da zan sake badi.

Kada kowa ya ruɗe ka cewa aikin garka ya fi na biro sauƙi. Ƙarfe biyar na asuba nake tashi, a cikin hunturun Janairu ruwan komi yana yanka ƙafa kamar wuƙa. Abin da nake samu a shekara mai kyau bai kai albashina na dā ba, a shekara marar kyau ba a ma magana. Bambancin shi ne wannan aiki yana da iyaka. Rana ta faɗi, an tashi. Albasa ba ta kiran mutum a waya. Ba kuma yadda za ka yi ka hanzarta ta, ko iri kake so sai ka sake dasa ƙwayar ka jira ta yi fure a shekara ta biyu. Mutumin da ya saba da “yanzu yanzu” yana bukatar abin da zai ƙi shi haka.

Wani abu kuma ya faru wanda ban shirya ba. Na zaci na rabu da lissafi har abada, na ma ƙi jinin ganin littafi. Sai wata rana maƙwabcina ya zo yana murna ya sayar da buhu 40. Na tambaye shi nawa ya kashe a mai na injin ban ruwa, da taki, da 'yan ƙodago, da bashin da ya ci wurin dillali tun lokacin dashe. Muka zana a ƙasa da tsinke. Ashe faɗuwa ya yi, bai sani ba. Manomi yakan sayar a Afrilu, lokacin da albasa ta cika kasuwa ba ta da daraja, domin bashi yana wuyansa, a kuma auna masa da buhun da aka ɗora wa hula har ya kusa zama ɗaya da rabi. Daga wannan zane a ƙasa muka kafa 'yar ƙungiya, Kirista da Musulmi, mutum 23. Ni ne mai riƙe littafi. Muna sayen taki tare, muna ajiya tare, muna ba juna rance don kada kowa ya sayar da gaggawa. Lissafin da na yi shekara 14 ina yi ke nan, zare da ragi ɗaya ne, amma yanzu kowace lamba na san fuskar mai ita.

Littafin bai hana mu shan wuya ba. Bayan juyin mulki na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin. Motar da muka haɗa kuɗi muka loda ta tsaya a Gaya, gadar Malanbil a rufe, damina kuma tana zuba. Abin da ya dawo mana bai biya kuɗin mota ba. A watan nan wani tsohon abokin aiki ya kira ni ya ce akwai gurbi a wani kamfani, albashi ya fi na dā. Ba zan ɓoye maka ba, kwana huɗu ina juya maganar, kuɗin makarantar yara yana gabana. Na tambayi matata. Ta ce, “Kuɗin muna bukatarsa. Amma mutumin da muka baro a Yamai, ba na so ya dawo gidan nan.” Na kira abokina na yi masa godiya. Shekarar nan mun ci tuwo da miyar kuka fiye da yadda muke so, ƙaramin ɗana kuma ya bar makarantar kuɗi ya koma ta gwamnati. Har yanzu in na tuna wannan nakan tambayi kaina ko na yi masa adalci.

Inna ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ba kuwa na sa rai za ta faɗa. Amma a cirar da ta wuce ta sa aka kai ta garka a amalanke, ta zauna a inuwa tana tsinke lawashin da za ta daka ta yi gabu. Ta ɗauki albasa ɗaya, ta matsa wuyanta da yatsa, ta shinshina, ta juya ta.

“Wannan za ta kai Disamba,” in ji ta. “Ta ubanka ma haka take.” Sa'an nan ta ce in matsa daga gabanta, ina tare mata iska.