Shekarun da Foka Ta Shiga Ɗakunan Ɗalibai

Duk wanda ya yi karatu a Amurka tsakanin 2003 da 2006 ya ga yadda kartar foka ta mamaye ɗakunan kwanan ɗalibai. Ni ban taɓa zama a teburin ba, don tun ina yaro na san hukuncin caca, amma na sha kallo. Da dare ya yi, talabijin ɗin falonmu ba ta da aiki sai maimaita gasar World Series of Poker.

Abokin ɗakina, wani ɗan Texas mai karatun injiniya, ya haddace tarihin gasar kamar yadda maroƙi ke haddace jerin sarakuna. A bakinsa na fara jin sunan Benny Binion, mutumin jiharsu, mai gidan cacar Horseshoe a titin Fremont na Las Vegas, wanda ya gayyato gwanayen karta a 1970. 'Yan tsiraru ne, ko goma ba su kai ba, kuma ba a yi wasan fitar da gwani ba: ƙuri'a suka kaɗa a tsakaninsu, suka zaɓi Johnny Moss, aka ba shi kofin azurfa. A 1971 aka koma tsarin da ake bi har yau, kowa ya zuba kuɗinsa, wanda nasa suka ƙare ya tashi, har a bar mutum ɗaya. Daga 1972 kuɗin shiga ya zama dala 10,000. Sai abokin nawa ya jero mini Doyle Brunson da ya ci a 1976 da 1977, duka biyun da kati mai lamba goma da mai lamba biyu a hannu, da Johnny Chan a 1987 da 1988, da Phil Hellmuth da ya kayar da Chan a 1989 yana ɗan shekara 24. Idonsa har ƙyalli yake in ya zo kan munduwar zinare da ake ba zakara.

Amma abin da ya rikita samarin zamaninmu a 2003 ya faru. An sa 'yar ƙaramar kyamara a gefen teburi, ta yadda mai kallo a gida yana ganin katin da kowane ɗan wasa ya kife. A shekarar ce wani akanta daga Tennessee, Chris Moneymaker, ya sami kujera ta hanyar wata 'yar gasa a intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya ratsa cikin mutum 839 har ya rage daga shi sai Sam Farha, tsohon hannu mai maƙale sigarin da bai kunna ba a baki. Ina tuna zagayen da Moneymaker, da hular hana sallah da baƙin tabarau, ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar teburi alhali hannunsa ba komai. Mu muna ganin burga ce. Farha, da ya fi shi kati, ya daɗe yana nazari, sannan ya yar. Falonmu ya kaure da ihu. Moneymaker ya tafi da dala miliyan 2.5.

Daga nan kowa ya ga kansa a kujerar nan. A 2004 mutum 2,576 suka shiga. A 2005 gasar ta yi wa Horseshoe yawa, aka kai ta otal ɗin Rio, a 2006 kuwa mutum 8,773 suka zuba kuɗi, Jamie Gold ya ci dala miliyan 12.

Abin da ke damuna har yau shi ne abin da kyamara ba ta tsaya a kai ba. Cikin mutum 839 na 2003, 63 kaɗai suka sami wani abu. Sauran 776 sun bar dala 10,000 kowannensu, kuma da kuɗinsu aka tara tulin da aka zube gaban zakara. Shi ma abokina, in ya zo kan Stu Ungar, wanda ya ci a 1980 da 1981 da 1997, sai ya yabi kaifin ƙwaƙwalwarsa ya wuce. Daga baya na san cewa a watan Nuwamba na 1998 an tsinci gawar Ungar a wani ɗakin haya mai araha a Las Vegas, yana da shekara 45, miliyoyin duk sun tafi a caca da ƙwaya.

Abokina ya fara da dala biyar a teburin falo, ya koma intanet. Nakan tashi sallar asuba in same shi a gaban kwamfuta, teburi huɗu a buɗe, kofin shayi ya huce a gefe. Na ce masa, "Abokina, ka kwanta, kana da jarrabawa." Ya ce shi ba caca yake ba, lissafi ne. Akwai lissafi a ciki, ban musa ba, kuma yaron ya iya shi. Sai dai waɗanda ke ɗaya gefen ma sun iya, kuma gidan wasa na cire kasonsa a kowane zagaye. Kuɗin makarantarsa na zango guda suka tafi. Mahaifinsa ya zo da motar a-kori-kura, muka taya shi loda kaya, bai ce wa kowa uffan ba.

A watan Oktoba na 2006 Amurka ta kafa dokar da ta toshe hanyar tura kuɗi zuwa cacar intanet, masu shiga gasar suka ragu zuwa 6,358 a 2007. Gasar ta sake farfaɗowa, har a 2024 mutum 10,112 suka zauna. Abokina bai dawo ya ƙarasa digirinsa a makarantarmu ba, wasiƙar imel da na aika masa bayan tafiyarsa ma ba a amsa ba.