Kifi ma dabbar kiwo ne

Ina kiwon tarwaɗa cikin kwarmin siminti a bayan gidana. Jama'a sukan tambaye ni abin da nake ba su. Wasu suna tsammanin ruwa kaɗai ya ishi kifi. Ba haka ba ne.

Kifin tabkin Madarunfa shi yake neman abincinsa da kansa. Amma mu nan ƙasar Tasawa da Mayahi, tabkunanmu da yawa suna ƙafewa da rani. Mai son kifi kusa da shi sai ya tsare shi a gida. To, kifin da ka tsare kamar ragon turke ne: abin da ka kawo masa, shi zai ci.

A manyan birane wasu suna ajiye ƙananan kifaye masu launi cikin akwatin gilashi don ado. Mutanen Sin sun fara kiwon jan kifin ado tun shekara 1000 da suka wuce. Masu irin wannan kiwo sayen abinci suke yi cikin gwangwani. Mu kuwa namu yana nan gida.

Dussar gero tana ba kifi ƙarfi, amma ba ta gina jiki sosai. Mai gina jiki shi ne tunkuza, da gara, da fara, da tsutsa. Tarwaɗa maciyar nama ce, ta fi son waɗannan. Karfasa tana cin ganye, har da na zogale. Ni ina haɗa dussa da tunkuza, in dama da ruwa kaɗan, in mulmula ƙanana, in shanya. Tunkuzar da ta yi hunhuna guba ce, a zubar da ita.

Sai awo. Kifayen da nauyinsu duka ya kai kilo 10, giram 300 zuwa 500 ya ishe su a yini. A raba biyu, safe da marece. Abin da ba su cinye cikin minti 5 ba ya yi yawa. Ragowar tana ruɓewa, ta cinye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya mutu. Ruwa ba ya tsami banza. In ya fara wari, a rage abinci, a sake ruwan.

Da hunturu kifi ba ya ci da yawa, sai a rage masa.

Wanda ya iya kiwon akuya zai iya kiwon kifi. Yaranmu suna bukatar nama cikin miya. Allah ya sa albarka cikin kiwonmu, amin.