Muryar Iya da Ƙarar Turmi

Ina so in yi magana a kan wata matsala da ke damun masu ɗaukar waƙa da kwamfuta a gida. Matsalar ita ce hawa da saukar sauti: ka kunna abin da ka ɗauka, wani wuri sai ka kasa kunne kafin ka ji, wani wuri kuma ya fashe maka kunne har ka zabura ka rage. Da yawa sukan ɗora laifin a kan arhar makirufo, su ce sai an je situdiyo. Abin da na gani shi ne, yawancin gyaran ana yin sa ne tun kafin a danna ɗauka, kuma ba ya cin ko kwabo.

Dalilin da ya sa na shiga wannan sha'ani kakarmu ce, wadda muke kira Iya. Tana da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno waɗanda ta koya wurin tata uwar. Tun da injin niƙa ya shigo unguwa, 'yan mata suka rage lugude, waƙoƙin kuwa ba a rubuce suke ba, a kanta kawai suke. Ga shi ƙarfinta ya ragu, in ta yi waƙa uku sai tari ya tsayar da ita. Don haka duk zaman da aka yi da ita aka ɗauki abin da ba ya sauraruwa, asara ce babba, domin ba kullum take da lafiyar sakewa ba.

Da hutu muka zauna a tsakar gida, ƙannena mata biyu suna lugude a turmi, Iya tana waƙa. Da aka kunna mata, sai ga muryar tana ɓuya tana fitowa kamar wata a cikin gajimare. Ta saurara, ta dube ni ta ce, "Kai maigida, wannan akwatin naka ba ya ganin girman tsofaffi ne? Turmi ya bari ya yi magana, ni ya toshe mini baki." Na ce, "Iya, ki ba ni kwana biyu in bi sawunsa." Ga abubuwa huɗu da na tarar.

Na farko shi ne tazara. Ƙarfin sauti ana auna shi da desibel, sunan da aka ciro daga na Alexander Graham Bell. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, sauti yakan ragu da kusan desibel 6. Iya kuwa ba ta waƙa a sandare, tana rangaji gaba da baya. Idan makirufo yana santimita 10 daga bakinta, ta ja baya da wasu 10, an rasa desibel 6 ke nan, kuma kunne zai ji. Amma idan yana santimita 30, ta ja baya da 10 ɗin nan, abin da za a rasa bai kai desibel 3 ba. Ashe manna makirufo a baki shi ke ƙara bayyana kowane motsi. Sai na ɗaure shi a jikin kujera, kimanin taƙi ɗaya da rabi daga bakinta, ba a hannun kowa ba, tun da hannu ma gajiya yake yi ya sauka. A lura kuma, makirufo da yawa ta gaba suke ji, in mai waƙa ya juya gefe yana wa wani magana, murya za ta dushe.

Na biyu shi ne wanda Iya ta yi ƙara a kansa. Kwamfutoci da wayoyi da yawa suna zuwa da wani tsari mai daidaita ƙarfin sauti da kansa. An yi shi ne don masu kiran waya da taro ta intanet: in magana ta yi ƙasa ya ɗaga ta, in ta yi sama ya danne ta. A hira yana da amfani, a waƙa kuwa ɓarna yake yi. Taɓarya na sauka, sai ya ɗauka an yi ihu, ya danne komai har da muryar Iya. Kafin ya sake ta, wata taɓaryar ta sauka. In an yi shiru kuma ya ɗaga har ka ji kukan kaji da fankar maƙwabta. Akwai ɗan uwansa mai rage hayaniya, wanda kan ɗauki doguwar murya ko kiɗa a matsayin hayaniya ya rinƙa yanke su. Dukansu ana kashe su a wurin saitin sauti na kwamfuta, a ƙarƙashin makirufo. Ina kashe su rabin matsalar ta tafi.

Na uku shi ne rufi. A manhajar ɗaukar sauti akwai wani ma'auni mai hawa da sauka, lambobinsa suna ƙasa da sifiri, sifirin kuma shi ne ƙarshe. Ni Audacity nake amfani da ita, wadda kyauta ce, an fara fitar da ita a shekarar 2000. Kaset ɗin da iyayenmu suka saba da shi, in ƙara ta ɗan yi masa yawa yakan jure. Kwamfuta ba ta jurewa: duk abin da ya wuce sifiri sai ta fille masa kai, ya fito da wani ƙaraurau kamar fasasshiyar lasifika. Kamar mudu ne, in ya cika, abin da aka ƙara zubewa yake yi. Saboda haka ba da wurin da aka yi sanyin murya ake saita ƙarfin shiga ba, da wurin da ya fi kowane ƙara ake yi. Na ce Iya ta yi baitin da take ɗaga murya, ƙannena su buga da ƙarfi, na rinƙa ragewa har ma'aunin ya tsaya tsakanin 12 da 6 ƙasa da sifiri. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya. Wanda aka fille wa kai, da wuya ya dawo yadda yake.

Na huɗu waya da wuta ne. Bakin wayar makirufo in ya yi sako-sako a raminsa, sauti zai rinƙa ɗaukewa yana dawowa. Ka motsa shi kana saurare da iyafis, in ka ji ƙas-ƙas, to ga ɓarawon. Akwai kuma wani gunji mai kauri da kan shigo ta caja, domin wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, janareto kuma yakan ƙara nasa. Maganin da ya yi mini aiki shi ne cire caja a ɗauka da batir.

Saura turmi, wanda ko yaya ya fi muryar tsohuwa ƙarfi. Masu situdiyo sukan ɗauki kiɗa daban, murya daban, sannan su haɗa, kowane da nasa ma'auni. Na kawo wa Iya wannan shawara, cewa ta sa iyafis ta bi luguden da aka riga aka ɗauka. Ta ce ita ba ta waƙar daka babu turmi a gabanta, "Yaro, ai taɓarya ce ke ba ni numfashi." Gaskiyarta kuwa. Sai muka koma ga ƙa'idar tazara: aka janye turmi taku huɗu, aka sa shi bayan makirufo, inda ba ya ji sosai. Tana ganin 'yan matan, suna ganinta, murya ta hau sama, lugude ya zauna a ƙarƙashinta.

Bayan an gama ne ake zuwa gyaran manhaja. Akwai umurnin da ke ɗaga waƙa gaba ɗaya har ƙololuwarta ta kusa rufi, amma shi ba ya rage bambanci tsakanin sama da ƙasa. Mai yin wannan shi ne kwamfiresa. In ka sa shi a kan uku bisa ɗaya, duk desibel 3 da suka haura iyakar da ka ajiye, 1 kawai zai bari ya wuce. A sa shi kaɗan kamar gishiri, don in ya yi yawa waƙa takan rasa rai. Inda Iya ta sassauta murya tana lallashin jariri, da gangan ta yi, na bar shi yadda yake. Ba kowane hawa da sauka ne cuta ba. Kafin ka taɓa komai kuma, ka adana na asalin a tsarin WAV, ka yi gyara a kan kwafinsa.

Yanzu muna da waƙoƙi goma sha ɗaya, an tura wa 'yan uwa na nesa ta WhatsApp, na asalin kuma yana wuri biyu.

'Yan uwana, kusan kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa mai riƙe da waƙa ko tatsuniya ko tarihin zuri'a. Ku nemi izininsu ku ɗauka. Amma kafin ku zaunar da su, ku gwada da muryarku na minti ɗaya: ku kafe makirufo, ku kashe mai daidaitawa da kansa, ku saita da mafi ƙara, ku cire caja, ku saurara da iyafis. Rigakafi ya fi magani, kuma bai kamata a gajiyar da tsoho da maimaici saboda abin da yaro zai iya gyarawa tun da fari ba. Allah Ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya. Wassalam.