Ranar da Na Yi Yawon Neman Shamiyana

Tun kafin in taka ƙasar Indiya na riga na naɗa wa kaina rawanin malamin Indiyanci. Ina ɗan firamare a Kano na fara kallon finafinansu, har abokai kan zaunar da ni in fassara musu, ni kuwa in yi ta shaci-faɗi. Da karatu ya kai ni Lucknow, babban birnin jihar Uttar Pradesh, ban sauke rawanin ba. In aka yi magana ban gane ba, sai in gyaɗa kai in ce "acca".

A watan Disamba, lokacin sanyin da biki ke yawa a can, wani abokin karatuna ya gayyace ni ɗaurin auren yayarsa. Ya faɗa mini unguwa, ya ce da na shigo zan hango shamiyana, a ciki za a yi komai. Kunnena ya ji kamar sunan otal. Da na tambaya da an wuce wurin, to amma ina malami ina tambayar ɗalibi?

Na sha babbar riga da hula, na tari a-daidaita-sahu, na ce a kai ni Otal Shamiyana. Direban, wani dattijo, ya waiwayo ya ce, "Wace shamiyanar?" Na daka masa tsawa, na ce ya ja mu je. Muka yi ta bulayi kusan awa biyu. Sau biyu muna wuce wani layi da aka toshe da ƙatuwar rumfar yadi ja da rawaya, ina tsaki ina mitar masu tare hanya, kamar ba haka muke yi da rumfar biki a gida ba. Abokina na ta kira, ina cewa ga ni nan tafe.

Da na gaji na faɗa masa gaskiya, daga ƙarƙashin wannan rumfar ya fito yana dariya. An daɗe da shafa fatiha.

Kakansa ne ya zaunar da ni, ya turo mini farantin biriyani, ya ce, "Ɗana, ɗaga kanka. Ga shamiyana." Yadi ne shimfiɗe a sama, an ɗora shi kan gorori an ɗaure da igiya, cikinsa an yi masa ado da ƙyallaye kala-kala. Labulen da ke tsaye a gefe, wanda ya raba mu da ɓangaren mata, sunansa kanat. Hayar shamiyanar ake ɗaukowa daga masu sana'ar da suke kira tentwala, su kafa da safe, su kwashe washegari. A ƙarƙashinta ake aure, a nan ake zaman makoki, 'yan siyasa ma ita suke kafawa.

Daga baya na karanta cewa kalmar shamiyana daga Farisanci ta shigo Urdu da Hindi, kuma ta gidan sarauta ce. Abul Fazl, marubucin fadar Sarki Akbar wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya lissafa ta cikin tantunan fada a littafinsa Ain-i-Akbari. Akwai 'yar'uwarta, pandal, kalma mai asali daga Tamil, wadda mutanen Kolkata ke kiran rumfunan bikin Durga Puja da ita. Abin haushi, shamiyanar nan na sha ganinta a fim, jarumai na rawa a ƙarƙashinta. Rawar kawai nake kallo.

Rasa ɗaurin auren bai dame ni kamar direban ba. Shi kaɗai ya yi mini tambayar da ta dace, ni kuwa da zan sauka na rage masa rufi hamsin, wai bai san gari ba. Ya karɓa bai ce uffan ba. Har na baro Indiya ban sake ganinsa ba.