Ƙunar da muka rufe da kaki

Yau labarin wani allo za mu ba ku, da kunyar da muka sha a kansa.

Shekarun baya mu uku muka tafi ƙaro karatun tauhidi a jihar Kolorado ta Amurka. Da sanyi ya shigo, wani dattijo a ikkilisiyar da muke sujada ya ce ba za mu koma gida ba mu taɓa dusar ƙanƙara a kan dutse ba. Ya ara mana allon zamiya na ɗansa, wanda suke kira sunobod. Allo ɗaya ne, mutum ya ɗaure ƙafafunsa biyu a kai, ya gangaro daga dutse a karkace. Wasan ya shiga gasar Olamfik tun 1998 a Nagano ta Japan. Mu dai a faɗuwa muka fi ƙwarewa.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, da mun iso shimfiɗaɗɗen wuri sai allon ya cije, yara ƙanana suna wuce mu fuu. Da yamma Baba ya kife allon a garejinsa, ya nuna mana yadda gefunan ƙasansa suka yi fari kamar ƙafar da hunturu ya busar. Ya ce, "'Ya'yana, kaki yake nema."

A nan muka koyi cewa gudun allo daga ƙasansa yake. Ƙasan roba ce mai tauri, kuma iri biyu ce. Akwai wadda aka narkar aka shimfiɗa, mai araha da sauƙin gyara, amma ba ta riƙe kaki sosai. Akwai wadda aka matse garin roba da zafi aka yi ta. Ita ta fi riƙe kaki, ta fi gudu, ta fi tsada, ta kuma fi bukatar kulawa. Allon da aka ara mana irin na biyun ne. Idan allo yana tafiya, gogayya tana narkar da ƙanƙara kaɗan a ƙarƙashinsa. Ɗan ruwan nan yana taimakon santsi, amma in ya yi yawa sai ya riƙe allon, kamar yadda gilasai biyu masu laima suke mannewa. Shi ya sa ake yi wa ƙasan siraran zane da injin dutse domin ruwa ya sami hanya. Kakin ma gwargwadon yanayi ake zaɓa: mai tauri don ranar tsananin sanyi da ƙanƙara take da kaifi, mai laushi don ranar da ta fara jiƙewa.

Baba ya yi aikin muna kallo. Ya sassauta sukurorin maɗaurin ƙafa, ya goge datti, ya cire tsatsa daga gefunan ƙarfe, ya wasa su da magagari domin su kama ƙanƙara a wajen juyawa. Sai ya ɗiga kaki da dutsen guga, ya baza shi daga kai zuwa wutsiya. Gargaɗi biyu ya yi mana: in kaki ya yi hayaƙi, zafi ya yi yawa, kuma kada dutsen guga ya tsaya wuri ɗaya. Bayan allon ya huce na aƙalla minti 30, ya kankare shi da makankarin roba, ya bi da buroshi. Muka ce, ai Baba ka kwashe duk kakin. Ya ce wanda ya kama jikin roba shi ke aiki, wanda ya taru a sama rage gudu yake yi.

Makonni kaɗan bayan haka, wata Jumma'a da dare, ya bar mana garejin mu yi da kanmu. Muna cikin aiki gardama ta kaure a kan jarrabawar Helenanci, aka bar dutsen guga a kan allo. Ƙauri ne ya dawo da hankalinmu. Wuri kamar faɗin tafin hannu ya kumbura ya yi ƙyalli, kuma robar da ta ƙone haka ba ta ƙara karɓar kaki.

Abin da muka yi bayan nan ya fi ƙunar muni. Muka lafta kaki mai kauri a wurin, muka kashe fitila, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Ga mu mutum uku masu shirin tsayawa a gaban jama'a mu koya musu gaskiya. Kuɗin hannunmu kaɗan ne, allon ba namu ba ne, kuma muna tsoron a ce baƙi sun yi sakaci da amana.

Da safe Baba ya ɗauki makankari. Kowane ja yana matsowa kusa da wurin, ɓawon kaki yana zuba ƙasa. Saura kaɗan babbanmu ya ce, "Baba, dakata, muna da magana." Muka faɗi kome. Ya ajiye makankarin ya ce tun daren jiya ya ji ƙaurin daga ɗakinsa, yana jira ne ya ga ko daga bakinmu zai ji.

Aka kai allon shagon gyara, suka yanke wurin suka sa faci, suka sake zana ƙasan. Muka haɗa kuɗin daga na cefanenmu, muka kuma je muka roƙi ɗan gafara ido da ido. Ya yafe, har ya sake ara mana allon. Facin yana nan, launinsa ya ɗan bambanta, amma allon ya ci gaba da gudu.

Har yau mukan tambayi juna ko da mun yi magana in da Baba bai ɗauki makankari ba, kuma amsar ba ta yi mana daɗi. 'Yan'uwa, in akwai abin aro da ya lalace a hannunku, ko waya ce, ko babur, ko kuɗin zumunta, ku je wurin mai shi a makon nan tun bai tambaya ba. Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar yin haka. Amin.