BREMEN: BIRNIN DA MAƘWABTA SUKE TARAYYA A MOTA ƊAYA

Duk baƙon da ya sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Bremen, a arewacin Jamus, kafin ya ajiye jakarsa za a ce masa ya je ya ga jaki. Ba jaki mai rai ba ne, na tagulla ne, an kafa shi a 1953 a gindin tsohon zauren majalisar gari, kare a bisa bayansa, kyanwa a bisa kare, zakara a can ƙoli. Tatsuniyarsu ce ta dabbobi huɗu da suka tsufa iyayen gidansu suka gaji da su, suka kama hanyar Bremen neman abin yi. Baƙi kan kama ƙafafun jakin na gaba wai don neman sa'a, har ƙafafun sun yi ƙyalli. A dandalin kasuwa, kusa da shi, ga gunkin Roland tsaye tun 1404, wanda shi da zauren majalisar hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2004.

To, amma wanda yake son sanin halin da mutanen garin suke ciki, sai ya bar dandalin nan ya nufi gabas da ƙafa, ya shiga unguwannin Ostertor da Steintor, ko ya ƙetare Kogin Weser zuwa Neustadt. A nan zai tarar da gidaje siri-siri, bango a jikin bango, yawancinsu an gina su tun ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da keken doki shi ne babban abin hawa. Ba gareji, ba fili a ƙofar gida. Da mota ta zama kayan kowa, sai titi ya zama garejin kowa. Motoci kan jeru hagu da dama, rabin jikinsu a kan kwalta, rabi a kan dakalin masu tafiya a ƙasa, har mace mai tura jariri a keke ko tsoho mai keken guragu ya rasa inda zai ratsa. Abin da ya fi tayar wa hukuma hankali shi ne motar 'yan kwana-kwana da motar kwasar shara, waɗanda sau da yawa ba sa iya karya kwana a lungunan nan. Shara tana iya jira zuwa gobe. Gobara kuwa ba ta jiran kowa.

A irin waɗannan lungunan ne baƙo zai fara lura da wani dogon allo a bakin titi, an rubuta masa “mobil.punkt”. A gindinsa akwai motoci kaɗan a wurin da aka keɓe musu, ga kuma ƙarafan ɗaure kekuna, sau da yawa kuma tashar jirgin cikin gari ba ta da nisa. Motocin nan ba tasi ba ne, don ba su da direba, kuma ba irin hayar da aka saba ba ce wadda mutum zai je ofis ya cika takardu ya karɓi mota ta kwana biyu. Motocin tarayya ne. Mutum yakan yi rajista sau ɗaya da lasinsa na tuƙi. Daga nan duk ranar da bukata ta taso, ko kai uwa asibiti, ko ɗauko kujeru daga kanti, sai ya kama mota ta wayarsa na awa biyu ko uku, ya buɗe ta da kati ko da wayar, ya yi hidimarsa, ya mayar da ita inda ya ɗauko. Kuɗinsa gwargwadon awoyi da kilomitocin da ya ci ne, mai da inshora da gyara duk suna ciki. Wanda ya san shagon hayar keke a garuruwanmu ya riga ya gane kan abin, sai dai a nan ba mai shago a zaune yana duba agogo.

Dabarar ba a Bremen aka haife ta ba. Tun 1948 wata ƙungiyar gama-kai a Zurich, ƙasar Suwizalan, ta gwada ta don waɗanda ba su da halin sayen mota. A 1987 aka farfaɗo da ita a can, a 1988 ta ɓulla a Barlin, ta iso Bremen a 1990 a hannun wata 'yar ƙungiya mai motoci ƙalilan, wadda a 2000 ta haɗu da takwarorinta na Aachen da Kolon suka zama kamfanin cambio. Abin da Bremen ta yi wanda ya bambanta ta da saura shi ne, hukumar gari ta daina kallon abin a matsayin sha'awar wasu tsiraru masu ƙyamar hayaƙi, ta ɗauke shi a matsayin aikin tsara gari, kamar magudanar ruwa ko fitilar titi. A 2003 ta yanki fili a kan titin gwamnati ta ba motocin tarayya, alhali kuwa dokar ƙasa da ta share wa garuruwa hanyar yin haka ba ta fara aiki ba sai 2017.

Lissafin da suka yi mai sauƙi ne, ko ɗan firamare ya iya bi. Motar gida a Jamus takan yini ta kwana a tsaye wajen awa 23 cikin 24, kuma kowace tana cin wajen mita biyar na bakin titi. Gina garejin ƙarƙashin ƙasa aiki ne mai cin dukiya, jihar Bremen kuwa, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a Jamus, ta daɗe tana fama da bashi. Tun da ba halin ƙara fili, sai a rage abin da yake cinye filin. A 2009 hukuma ta fito da shiri na kai masu amfani da motar tarayya 20,000 kafin ƙarshen 2020, daga 'yan dubbai da ake da su a lokacin, da fatan motocin gida 6,000 za su bar titi. A 2010 aka kai shirin babban baje kolin duniya na Shanghai a matsayin abin koyi. Daga 2013 aka fara kafa ƙananan tashoshi masu mota biyu ko uku a cikin lungunan kansu, ana gyara kusurwar titi a lokaci guda, yadda ba wanda zai iya toshe kwanar da motar kashe gobara take bi. Wani bincike da hukumar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2018, ya nuna kowace motar tarayya ta maye gurbin motocin gida wajen 16, ko dai an sayar ko an fasa saye, jimla kimanin 5,000. In aka jera su baki da wutsiya, tafiyar kilomita 25 ke nan. Ba a daɗe da cikar wa'adi ba aka kai adadin mutane 20,000 ɗin.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma akwai Jamusawa da yawa da za su yarda da haka, musamman a garin da mota take ciyar da dubban gidaje. Masana'antar Mercedes-Benz da ke unguwar Sebaldsbrück tana ɗauke da ma'aikata fiye da 10,000, tashar jiragen ruwa ta Bremerhaven kuma, wajen kilomita 60 arewa, motoci fiye da miliyan ɗaya suke ratsa ta a shekara. Saboda haka hukuma ba ta yi gigin hana kowa sayen mota ba, kuma nan ne hikimarta take. Mutanen Legas ba su manta da dokar lambar mota ta 1977 ba, yau masu mara, gobe masu cika, wadda masu hannu da shuni suka warware ta cikin sauƙi da sayen mota ta biyu. A Bremen an bar mutum da aljihunsa ne. Wanda yake biyan kuɗin kowace tafiya daban yakan tsaya ya tambayi kansa ko tafiyar ta isa a hau mata mota, wanda kuwa ya riga ya zuba dukiya ya sayi tasa, ko gidan burodi za shi sai ya tayar da ita.

Amma fa kada a ɗauka motar tarayya ita kaɗai ta yi wannan aiki. Bremen gari ne shimfiɗaɗɗe ba tudu, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na zirga-zirgar mutanensa a kan keke ake yi, ga jiragen cikin gari suna wucewa a kan kari. Mai zuwa aiki kullum da keke ko da jirgi shi ne yake iya rabuwa da motarsa ya dogara ga ta tarayya ranar Asabar. Inda babu waɗannan, ba wanda zai saki reshe ya kama ganye. Shi ya sa tashoshin suka yi yawa a tsakiyar gari, suna raguwa in aka nufi unguwannin bayan gari, inda ma'aikacin dare ba shi da zaɓi.

Kuma motoci 6,000 ba su taka kara sun karya ba a garin da motocinsa suka haura 200,000. Lungunan har yanzu a cike suke. Wasu mazauna Neustadt da Findorff da unguwar gabas sun gaji da kewaya motoci a ƙofar gidajensu, suka kai hukumar garin ƙara a kan ta zura ido ana hawa dakalin masu ƙafa. Shari'ar ta yi ta hawa har babbar kotun tarayya mai duba ayyukan hukuma da ke Leipzig, wadda a watan Yuni na 2024 ta yanke cewa mazaunin da aka takura wa hanyar ƙofar gidansa yana da haƙƙin neman hukuma ta duba ta ɗauki mataki, ko da yake ta bar wa hukumar damar fara wa da titunan da abin ya fi tsanani.

Da magariba, in ma'aikata suka komo gida, baƙo yana iya tsayawa a wata kusurwa a Neustadt ya ga abin da idonsa. Mai motar kansa yana ta kewaya layi sau biyu sau uku yana leƙen gurbi. Maƙwabciyarsa kuwa ta shigo da motar tarayya, ta sa ta a gindin allo inda gurbinta yake jiranta, ta sauke kayan cefane a kwandon kekenta, ta kulle motar da kati, ta hau ta yi gida.