Ranar Da Muka Hau Dutsen Patti Na Lakwaja

Na san da yawa daga cikinmu in aka ambaci Lakwaja, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne garin da motocin Kudu ke yada zango a ci abinci a yi salla a wuce, sai kuma zafin nan nata da ake ba da labari. Mu Zazzagawa kuwa har da ƙari, don tun muna yara muke jin kakanni suna cewa can ne Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Shi ya sa da aka ɗaura auren ƙawarmu aka ce Lakwaja za a kai ta, inda mijinta yake aiki, kukan da aka sha ranar kai amarya ya wuce na al'ada.

Wata huɗu da tarewarta, duk ranar da muka yi waya sai ta ƙare da kuka, wai ita dai garin bai karɓe ta ba. Abin ya dame mu, don irin wannan ƙunci in ya daɗe shi ke kai ga yaji, yaji kuma ya kai ga abin da ba a fata. Don haka a farkon watan Nuwamba mu uku muka nemi izini a gida muka kama hanya. Muka tarar da amarya ta rame, ashe tunda aka kawo ta ko bakin kogi ba ta taɓa zuwa ba, daga ɗaki sai tsakar gida.

Maƙwabciyarta, wata Banufiya malamar makaranta da kowa ke kira Anti, ita ta kawo shawara. Ta nuna mana wani dogon dutse mai shimfiɗaɗɗen kai da ya tokare bayan gari, ta ce, "Ƙannena, ga maganin kewa can. Gobe in Allah ya kai mu mu hau Patti." Ta ce da Nufanci kalmar patti ma'anarta tudu, kuma tsayinsa ya kai mita 458. Ango da jin haka ya ce ya amince, shi ma har da shi za a je.

Muna idar da sallar Asuba muka fito, don a Lakwaja wanda ya bari rana ta ɗaga ya shiga uku. Muka ɗauki ruwa da dabino da ƙosai da lemo. Akwai hanyar mota da ta yi kwana-kwana har ƙoli, amma Anti ta ce wanda ya hau a mota bai hau Patti ba, kai shi aka yi. Da farko abin wasa ne, muna tafe muna tsokanar amarya, ga ciyawa shar bayan damina, ga raɓa, ga tsuntsaye sai kuka suke yi ta ko'ina. Kafin mu yi rabin awa hira ta fara raguwa, sai haki. Autarmu da ta dage sai ta zo da takalmi mai tudu don ɗaukar hoto, ba shiri ta tuɓe shi ta rataya a yatsa, Anti ta zaro silifas daga jaka ta miƙa mata tana dariya.

Wajen tsakiyar hanya amarya ta sami dutse ta zauna ta ce ita kam nan ta tsaya. "Ku je kawai, ku same ni in kun sauko. Ni dama ba abin da nake son gani a garin nan." Muka yi cirko-cirko. Ango ya buɗe baki zai yi magana, Anti ta ɗaga masa hannu, ta tsuguna gabanta ta ce, "Amarya, a hawan dutse ba a barin mutum a baya. In kin zauna mun zauna, in kin koma mun koma." Haka muka zauna gaba ɗaya, aka sha ruwa aka ci dabino, ba wanda ya ce mata uffan. Can sai ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "To mu je, amma a hankali." Daga nan ita muka sa a gaba, in ta tsaya mu tsaya.

Bayan kamar awa biyu da fitowarmu muka iso sama. Kai jama'a! Iskar da ta fara bugun mu sai ka rantse ba a Lakwaja kake ba. Ga dogayen ƙarafan sadarwa, ga kuma wani ɗan tsohon gini da ake kira gidan hutun Gwamna Lugga. Anti ta tuna mana cewa a wannan gari ne ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya yi shelar cewa Arewa ta koma ƙarƙashin Ingila. Mutanen gari suna ba da labari wai daga kan dutsen nan Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Lugga, ta hango kogi ta raɗa wa ƙasarmu suna. Abin da yake a rubuce dai shi ne a 1897 ta kawo shawarar sunan Nijeriya a jaridar Times ta Landan.

Da muka matsa bakin dutsen muka leƙa, sai kowa ta yi shiru. Ga gari a shimfiɗe ƙarƙashinmu, rufin kwano sai ƙyalli yake, ga kwale-kwale kamar ƙwayar gero a kan ruwa. Can gaba kuma ga manyan koguna biyu sun haɗu sun nufi Kudu, Kwara da Binuwai. 'Yan makaranta, farar alamar nan mai kama da harafin Y da kuke gani a tambarin Nijeriya, wannan mahaɗar take nufi. Kwara ya taso tun daga ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi ta Yawuri da Jebba, tafiyar da gaba ɗayanta ta haura kilomita 4,000 kafin ya faɗa teku. Binuwai kuwa daga Kamaru ya fito, ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi. Ganin faɗin ruwan ne ya sa muka gane dalilin da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka yi wa garin ɓarna haka.

Sai Anti ta nuna wata unguwa da yatsa ta ce Kabawa ke nan, a can kushewun sarakunan suke. Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka kama a 1903, a garin nan ya rasu a 1926. Namu Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mai waƙoƙin nan da ake karantawa a makaranta, shi ma nan ya cika a 1924. Allah Sarki! Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a, idanun amarya suka ciko.

Anan ne ango, wanda tun safe bai yi doguwar magana ba, ya ce mata, "Su dole aka yi musu, kuma ba su da halin komawa. Ke kuwa da Salla zan kai ki gida da kaina." Ya nuna mata Kwara ya ce, "Kin san Kubanni ta garinku Galma take faɗawa, Galma ta faɗa Kogin Kaduna, shi kuma ya faɗa wannan? Ruwan Zariya ma ta ƙofar gidanki yake wucewa." Amarya ta rufe fuska da mayafi tana murmushi, mu kuwa me za mu yi in ba shewa ba! Kafin mu sauko ita ce mai tambayar Anti ina kasuwar kifi, ina islamiyyar matan aure, wace unguwa ce waccan.

Saukowa ta fi sauri amma ta fi cin gwiwa, ga rana ta fara dukan ƙeya. Kafin Azahar muna gida, kowa ta baje a tabarma tana matsa ƙafa.

To 'yan'uwa, duk wadda Allah ya kai Lakwaja ta daure ta hau Patti. Ki fita da sassafe, ki sa takalmi marar tudu, ki riƙe ruwa isasshe, ku tafi a ƙungiya tare da muharrami da wanda ya san hanya, kuma kar a baro leda ko kwalba a sama. Ku kuma da aure zai kai wani gari, a nemi izinin maigida a fita a san gari da mutanensa, a yi ƙawa ta kirki irin Anti, don zaman ɗaki da tagumi ba ya rage nisan gida. Allah ya ba kowa zaman lafiya a ɗakinta, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.